Zoben Tazarar Haihuwa: Me Ya Sa Matan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa Ba Su da Labarinsa?

Duk wanda ya yi shekara biyu a makarantar nan ya san yadda abin yake tafiya. Ana fara ND 1 da matan aure a aji, masu ƙoƙari, wani lokaci ma su ne a kan gaba. Kafin jarrabawar simesta ta biyu wata ta haihu, 'yan aji su haɗa kuɗi a je suna. A dawo ND 2 ga goyo a baya, sai kuma a ji laulayi ya sake kama ta. Daga nan sai kariyoba, sai jingine karatu, sai a daina ganinta gaba ɗaya. In an tambaya a ce ai kwanika ta yi, a yi ɗan murmushi a wuce.

Mu da muka fito daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa mun san cewa wadda ta kai ga shiga Poli ma mai sa'a ce. Ƙannenmu da yayyenmu da ke gida ba karatu kaɗai kwanika ke ci musu ba, lafiyarsu take ci, wani lokaci har da rai. Shi ya sa na ga ya kamata mujallarmu ta taɓo wata hanya ta tazarar haihuwa da yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba, wato zoben roba da mace ke sakawa a gabanta da kanta. Ra'ayina shi ne matanmu suna da haƙƙin su san shi, kuma mu ɗalibai muna da bakin da za mu nema musu shi. Amma kafin nan sai mun fahimci abin, da amfaninsa da illarsa.

Tazara ba baƙuwa ba ce

Masu cewa tazarar haihuwa al'adar Turawa ce su koma gida su tambayi kakanninsu. Me ya sa mai haihuwar fari take tafiya goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wanka, ta daɗe ba ta koma ba? Me ya sa ake yi wa mace gori in ta yi ciki ba ta yaye ba? Me ya sa tsofaffi ke ɗaura wa mai shayarwa guru ko su ba ta rubutu? Duk tazara ake nema. Bahaushe ya daɗe da gane cewa ciki a kan goyo yana raunana uwa, yana raunana ɗan da ke baya. Abin da ya canja shi ne yanzu ba a daɗewa a gida, zaman aure ya sauya, dabarun da kuma ba su da tabbas.

Ilimin likita bai saɓa wa tsofaffin nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Wannan ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da muka karanta a Islamiyya. Ta fuskar hukunci kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta haramta tsayar da haihuwa kwata-kwata ba tare da larura ba, ta kuma hana a kafa dokar da za ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya. Amma ta halatta ba da tazara ta wani lokaci in akwai buƙata, da shawara da yardar miji da mata, da sharaɗin kada a cutu kuma kada a taɓa cikin da ya riga ya shiga. A cikin wannan iyaka nake magana.

Duk da haka, ga inda muke. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Katsina mace kan haifi 'ya'ya 7.3 a matsakaicin lissafi, adadin da ya fi na kowace jiha, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne. A ƙasar duka, a 2018 kashi 12 cikin ɗari ne na matan aure ke amfani da hanyar zamani, jiharmu kuwa tana can ƙasa da haka sosai. Yawan 'ya'ya arziki ne, ba na musu. Abin da ke damuna shi ne su zo a jere babu hutu, uwa ba ta mayar da jinin da ta zubar ba ta sake ɗauka.

Mene ne zoben?

Roba ce mai laushi, a lanƙwashe kamar ƙaramin awarwaro, faɗinta bai wuce santimita biyar da rabi ba sai kaɗan. Mace za ta wanke hannu, ta matse shi da yatsu biyu, ta tura shi cikin gabanta. A can yake zama yana sakin sinadarin homon kaɗan-kaɗan, jiki yana tsotsa. Aikin sinadarin shi ne hana ƙwai fitowa daga ma'ajiyarsa, da kuma kaurara majinar bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai wuce da sauƙi ba. Ba zubar da ciki yake yi ba, hana shi shiga yake yi.

Kada a haɗa shi da robar mahaifa da aka sani a asibiti. Waccan ma'aikaciyar lafiya ce ke saka ta cikin mahaifa, ita ce kuma ke cirewa. Zobe bai kaiwa mahaifa. Bakin mahaifa a tsuke yake, don haka maganar wai zai ɓace a ciki ko ya haura ƙirji ba ta da tushe.

Iri uku ne ya kamata mu sani.

Na farko NuvaRing, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2001. Yana ɗauke da sinadari biyu, dangin istrojin da dangin firojestaron, irin na ƙwayar da ake sha kullum. Ana barin sa mako uku, a cire, a huta mako ɗaya. A makon hutun ne jini ke zuwa. Sannan a saka sabo.

Na biyu Annovera, wanda cibiyar bincike ta Population Council ta ƙirƙiro, aka amince da shi a Amurka a 2018. Tsarinsa ɗaya da na farko, mako uku ciki mako ɗaya waje, sai dai zobe guda ne ake wankewa a ajiye a sake mayarwa har zagaye 13, wato shekara cur.

Na uku shi ne zoben masu shayarwa, mai firojestaron kaɗai. A ƙasar Chile aka fara amfani da shi, ana kiran sa Progering. Mai jego na iya fara shi daga mako huɗu bayan haihuwa. Kowane zobe yana zama wata uku ba a cirewa, ana canjawa har yaro ya shekara, da sharaɗin tana ba da nono aƙalla sau huɗu a rana. Ba ya rage ruwan nono. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna, kuma Population Council ta gwada yadda mata za su karɓe shi a ƙasashe uku na Afirka: Kenya, Senegal da Nijeriya. Ke nan ya taɓa shigowa ƙasar nan. Tambayata ita ce, a ina ya tsaya da bai iso Funtuwa ba, balle Sabuwa?

Me ya sa ya shafi yankinmu musamman

Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Abin da aka saba samu shi ne ƙwaya, allura, ashanar hannu, robar mahaifa da kwaroron roba. Kowanne yana da kyaunsa, amma dubi yadda yawancinsu suka rataya a kan zuwa asibiti. Allura duk wata biyu ko uku. Ashana da robar mahaifa sai an sami ƙwararriya ta saka, in kuma mace ta ga ba ta jin daɗinsu, ko ita da maigidanta sun shirya ƙara haihuwa, sai ta sake neman ƙwararriya ta cire.

A cikin garin Katsina wannan ba komai ba ne, ɗan sahu ne kawai. A wajenmu fa? Ba sai na tuna wa kowa daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ba sai na tuna abin da ya faru a Kadisau ta Faskari a watan Yuni na 2020 ba. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, namu uku duk suna ciki. Wanda ya san hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, ko ta 'Yankara, ko ƙauyukan Sabuwa da ke iyaka da Birnin Gwari, ya san akwai lokutan da mutum ba ya fita sai dole. Akwai ƙananan asibitocin da ma'aikata suka bari saboda tsoro. Matar da ranar allurarta ta zo a irin wannan mako, me za ta yi? Haƙuri za ta yi, bayan wata uku ta ji canji a jikinta. Kuma ita ce dai za ta nemi hanyar asibiti da tsakar dare ranar naƙuda.

Nan ne hanyar da mace ke riƙe da ita a hannunta take da daraja. Zoben wata uku yana nufin ta karɓi biyu ko uku lokaci ɗaya ranar da ta kai yaro rigakafi. Zoben shekara yana nufin tafiya ɗaya tak. In ta ga bai karɓe ta ba, ta cire da kanta, ba sai ta roƙi kowa ba. In an cire shi kuma haihuwa na dawowa da wuri, saɓanin allurar wata uku wadda kan jinkirta ɗaukar ciki na wasu watanni bayan an daina.

Akwai wani abu da mata ke faɗa a tsakaninsu, ba su cika faɗa wa likita ba. Da yawa suna barin allura da ashana ne saboda rikicewar al'ada: ɗigo yau, ɗigo jibi, mace ta rasa ranar wanka, ta rasa lissafin sallarta da azuminta, maigida kuma ya fara ƙorafi. Zobe mai sinadari biyu ya yi fice wajen daidaita jini, yana zuwa a makon da aka cire shi, ko da yake a watannin farko akan ga ɗan ɗigo. Ga Musulma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda gizo ke saƙa

To, kada wata ta karanta iya nan ta ce ta sami mafita. Dole a faɗi ɗaya ɓangaren.

Na farko, zafi. NuvaRing a firji ake ajiye shi a kantin magani, bayan an sayar kuma wata huɗu kawai yake yi a ɗaki, kuma ba a son zafin ya haura digiri 30. Ku tuna Faskari a watan Afrilu, zafi na kai 40, wuta kuma sai an ga dama. Gaskiya wannan iri bai dace da ƙauyukanmu ba. Na shekara da na masu shayarwa ba sa buƙatar firji, sai dai na shekarar yana da tsada sosai inda ake sayar da shi. Saboda haka wanda na fi ganin ya dace mu nema shi ne na masu shayarwa, don kwanika ce babbar matsalarmu.

Na biyu, zobe mai istrojin ba na kowa ba ne. Bai halatta ga mai hawan jini ba, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon kai na ɓari guda da ke zuwa da walƙiya a ido, ko mai cutar dajin mama, ko mai shan taba da ta kai shekara 35. Mai jego da ke shayarwa ba ta fara shi a makonni shidan farko, kuma an fi so ta bari sai bayan wata shida. Maganin tarin fuka da ake kira rifamfisin da wasu magungunan farfaɗiya suna rage masa ƙarfi. Mai amfani da shi in ta ji ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi na yankewa, ko gani ya rikice, ta cire ta nufi asibiti a ranar. Haɗarin daskarewar jinin kaɗan ne, bai ma kai na mai ciki da mai jego ba, amma akwai shi. Ƙananan illoli kamar ciwon kai, tashin zuciya, nauyin mama da ƙaruwar farin ruwa sukan lafa bayan 'yan watanni.

Na uku, yana son kula. In aka bi ƙa'ida sosai, cikin mata ɗari ba a samun ko ɗaya cikakkiya da za ta yi ciki a shekara. Amma a yadda mutane ke yi, da mantuwa da jinkirin saka sabo, adadin yana kai wajen bakwai. Ashana ta fi shi tabbas nesa ba kusa ba, tunda ita babu abin mantawa. Zobe kan iya zamowa, misali wajen yunƙurin bayan gida. In haka ta faru a ɗauraye shi da ruwa mai sanyi ko mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, a mayar nan take. In ya yi sa'o'i a waje, fiye da uku ga NuvaRing, fiye da biyu ga sauran, sai a haɗa da wata kariya na kwana bakwai kuma a nemi shawarar ma'aikaciyar lafiya.

Na huɗu, ba ya kare mutum daga cuta mai karya garkuwar jiki ko wani ciwon sanyi. Akwai wani zobe daban mai maganin dafibirin da aka yi don rage haɗarin kamuwa da waccan cuta, shi kuma ba ya hana ciki. Kamanninsu ɗaya, aikinsu daban.

Wannan ya kawo ni ga gargaɗin da ya fi kowanne. 'Yar'uwa, kada ki sayi irin wannan abu a wajen masu tallar kayan mata a WhatsApp ko TikTok. Ba ki san inda ya kwana ba, ba ki san rana nawa ya sha a bayan mota ba, ba wanda ya auna jininki. Abin da za ki sa a jikinki ki karɓe shi daga hannun wanda ya karanta aikin, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Araha ba ta ado.

Amsa ga masu suka

Na san wasu za su ce bai kamata a buga wannan a mujallar ɗalibai ba, wai ana buɗe wa 'yan mata ido. Malam, leƙa ajinku ka ƙirga matan aure. Ka ƙirga waɗanda aka sa wa rana. Sannan ka ƙirga mazan da ke shirin aure da zarar sun gama bautar ƙasa, har da kai. Da su nake. Wadda ta yi niyyar ɓarna ba mujallar nan take jira ba, wayarta ta ishe ta. Wadda shirunmu ke cutarwa ita ce matar kirki da ke jin kunyar tambaya.

Wasu kuma za su ce duk abin da ya fito daga Turai akwai lauje cikin naɗi. Ban raina wannan tsoro ba. Abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, ya bar tabo, kuma yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Amma me ƙauracewar ta haifar? Cutar ta sake bazuwa, yaranmu ne suka gurgunce. Darasin da na ɗauka shi ne mu yi karatu har mu iya bincika magani da kanmu. A makarantar nan akwai masu koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje. In ba mu ne za mu karanta takardar cikin kwali mu fassara wa iyayenmu ba, wa zai yi?

Sai maganar kunya da maganar maigida. Gaskiya ne ba kowace mace za ta iya saka abu da hannunta ba, kuma wadda ba ta so ba a tilasta mata, ga sauran hanyoyi nan. Yawancin maza ba sa jin zoben lokacin kwanciya, wanda ya ji ma ba ya cutar da shi. Amma ban goyi bayan a yi a ɓoye ba. Abin da aka ɓoye wa miji ranar da ya gano ya zama fitina. Ku ma maza ku sauƙaƙa. Matar da ta ce maka tana son ta huta shekara biyu ba ƙin 'ya'yanka take yi ba, so take ta rayu ta rene su. Kai ne za ka nemo jini leda biyu ranar da ta zubar, in ma an samu.

Abin da nake nema

Daga ƙungiyar ɗalibai: kwamitin walwala ya haɗa kai da asibitin makaranta a shirya zama sau ɗaya kowace simesta, a gayyato ungozoma ko likitar mata da malami masanin fiƙihu. Na mata daban, na maza daban, a bar mutane su rubuta tambaya a takarda ba suna. A zo da samfurin kowace hanya a gani da ido.

Daga ƙungiyoyin ɗaliban Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: ƙananan hukumomin nan uku ɗan majalisar wakilai ɗaya suke da shi a Abuja. Mun iya rubuta masa takardar neman tallafin karatu, to mu haɗa hannu mu rubuta wata, da kwafi zuwa hukumar kula da lafiya matakin farko ta jiha. Mu nemi a duba yiwuwar kawo zoben masu shayarwa yankinmu. Mu nemi kuma a wadata asibitocinmu da allurar Sayana Press, wadda tuni aka yarda a ƙasar nan mace ta koyi yi wa kanta a gida duk wata uku. Wannan ta riga ta shigo, don haka ba ta da uzurin yankewa.

Daga kowannenmu: hutu na zuwa. In kin je gida ki zauna da matar yayanki, in ka je ka zauna da yayanka. Ku gaya musu cewa shayarwa kaɗai tana kare mace ne in yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da ɗaya ya faɗi cikin ukun nan, ciki na iya shiga. Wannan bayani kaɗai zai hana kwanika da yawa, kuma ba ya cin ko sisi.

Iyayenmu sun sayar da masara da waken suya sun turo mu nan, a lokacin da noman ma sai an sayar da rai. Mafi ƙarancin abin da za mu mayar musu shi ne sani mai amfani. Allah Ya ba yankinmu zaman lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa.